Wai a Karanta Masa Sai Ya Yi Barci

Wani sabon yayi ya shigo mana Minna, kuma wannan karon ba na ɗinki ba ne, ba na kayan ɗaki ba. Daga Tunga zuwa Bosso, daga Maitumbi zuwa Kpakungu, duk gidan da ka tarar da amaryar bara da goyon fari, da wuya ka fito ba ka ga wani ɗan littafi mai kaurin bango a kan gado ba, gefensa duk a tattaune. Wai na karatun barci ne. Wasu a wurin awo suka ji, wasu a waya suka gani, cewa tun yaro yana cikin tsumma ake fara karanta masa labari da dare, yana ji yana lumshe ido, kafin a kai shafin ƙarshe ya yi nisa. Haka kuwa ake nunawa a hoto: uwa ta jingina da filo, ɗa ya lafe a ƙirjinta, 'yar fitila na ci a gefe, ba zufa, ba sauro, ba maƙwabci mai inji.

Sai dai 'ya'yanmu ba su ga hoton ba.

A gidan hayar da muke akwai wani ɗan wata goma da kowa ke kira Gwamna, don ba a barci a gidan sai ya sa hannu. Ya ƙware a rarrafe, ya fara dafa bango yana miƙewa, ya kuma gano cewa duniya cike take da abin ja. Uwarsa yarinya ce mai hankali, ta gama jami'a a Gidan Kwano ta yi aure. Takan yi masa wanka, ta zaunar da shi a cinya, ta buɗe littafi. Shafin farko mari yake sha. Na biyu a baki yake ƙarewa. Kafin ta ce uffan a na uku, Gwamna ya zame ta ƙarƙashin hannunta ya dira ƙasa, ya nufi wayar caji. A ɗauke waya, ya koma bokiti. A ɗauke bokiti, ya kama gidan sauro yana lilo. Ita kuwa tana nan zaune, tana karanta wa tafin ƙafarsa labarin wata dabbar ƙanƙara da ba ta taɓa taka ƙasar Neja ba.

Abin da ya fito tsakar gidan haya kuwa ya zama na kowa. Bayan isha'i, in an baza tabarmi ana shan iska, nan ake zaman shari'ar. Inna, mahaifiyar mai gidan, wadda ta reni 'ya'ya da jikoki har ta fara taɓa tattaɓa-kunne, ba ta ma ga abin shari'a ba.

"Ke 'yar nan, wa ya ce miki jinjiri na jin boko? Yaron da ko Mama bai iya faɗa ba? Ɗauko majanyi ki juya shi baya, ki daina wahalar da kanki."

Malama, mai koyarwa a firamare, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. "Inna, ai ba don ya gane ake yi ba, kunne ake buɗe masa. Ku zo aji ɗaya ku ga yaran da ake kawo mana, wani ko riƙe littafi bai iya ba, a juye yake kama shi."

"To shi wannan da ya iya riƙewa, ba ga shi yana cinyewa ba?"

Maƙwabciyata Banufiya ce 'yar Bida, ni kuma iyayena Katsinawa, don haka kullum muna cikin tsiya. Ita fatawarta gajeriya ce: a ƙosar da shi kawai, yaron da ya ƙoshi ba ya gardama. Na ce ai dama Banufe duk inda magana ta je sai ya dawo da ita bakin tukunya. Ta ɗakin ƙarshe, 'yar Gbagyi daga wajen Paiko, dariya take mana duka. Ta ce a ƙauyensu yaron da ya wuni gonar doya, ya sha rana ya ci ƙasa, tun kafin a sauke tukunya ya yi laushi. "Naku 'yan birni ne, a kan leda suke wuni. Da me suka gaji da za su yi barci?"

Ni dai, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba, cewa nake aiki biyu muka ɗaure da igiya ɗaya. Ba da labari daban, sa barci daban, kuma iyayenmu ba su taɓa haɗa su ba.

Mu tuna yadda aka yi mana. Tatsuniya a gidajenmu ba ta jarirai ba ce. Ta masu baki ce, waɗanda in an ce "Ga ta nan, ga ta nanku" za su iya amsawa "Ta zo mu ji ta." Da dare ake yi, gaskiya ne, har ana tsorata mu cewa wanda ya yi da rana zai ɓata, sai in ya fara ɗaure Gizo. Amma ba don barci aka zaɓi daren ba. Lokacin ne kaɗai hannun mata ke sauka daga aiki, an ci tuwo, an wanke kwanuka, 'yan talla sun dawo. Kuma wace tatsuniya ce ta barci a ciki? Dodo ya haɗiye gari guda, kishiyar uwa ta tura marainiya rafi mai nisa, Gizo ya yaudari kura ya bar ta da shan duka, a tsakiya a saka waƙa kowa ya amsa da tafi. Wanda ya fara gyangyaɗi ma zungurinsa muke yi, kada gobe ya dame mu da tambayar yadda aka ƙare. Bayan an ce ƙurunƙus, da yawanmu fitsari ma sai da rakiya.

Jinjirin fa, ina yake duk wannan lokaci? Yana bayan wata. Ko bayan kakar da ke ba da labarin, ko bayan yayarsa 'yar shekara tara da ke rausaya tana amshi. Kumatunsa manne da bayan mai magana, muryar tana shigarsa ta ƙashi da tsoka tun kafin ta iso kunne. Ba wanda ya zaunar da shi, ba wanda ya ce ya dubi shafi. Labarin na wasu ne, shi ɗan rakiya ne, a rakiyar yake tsintar Hausarsa, barci kuma ya sace shi ba wanda ya lura. Sai an tashi shiga ɗaki a ga wuya ya langaɓe.

Ko a littafi ma haka abin yake, kuma ba sai mun je nesa neman shaida ba. Abubakar Imam ɗan jiharmu ne, a Kagara aka haife shi a 1911, tun ba a san za a yi wata jiha mai suna Neja ba. Littafinsa Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, shi ne uban littattafan hirar dare a Hausa, kuma duk wanda ya karanta na ɗaya ya san aikin da aku ya yi. Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Musa kuwa ƙafa na masa ƙaiƙayi, kullum dare sai ya shirya zai bi sawu. Aku ba barci yake sa shi ba. Labari yake ja masa, wannan na ƙarewa ya ɗauko wancan, har gari ya waye fita ta gagara. Wato babban gwanin labarinmu ma, iyakar abin da ya iya shi ne ya riƙe mai ƙiriniya wuri ɗaya, ido biyu. To in aku da kansa bai sa Musa barci ba, don me yarinya za ta zauna tana zargin kanta don Gwamna ya ƙi lumshe ido a shafi na uku?

Af, tun da an taɓo marubuta, mu mutanen Minna ba ma bari a wuce nan ba mu yi ɗan tinƙaho ba. A garin nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, wanda 'yan makaranta da yawa suka kwana zaune a kan The Passport of Mallam Ilia nasa. Nan marigayi Abubakar Gimba ya zauna ya yi rubutunsa, nan gidauniyar Hill-Top ta B. M. Dzukogi ke tara 'yan sakandare tana koya musu alƙalami. Nan kuma aka haifi Ben Okri a 1959, wanda ya ci kyautar Booker a Ingila a 1991. Shi dai bai cika shekara biyu ba aka tafi da shi Landan, don haka iyakar gudunmawarmu a kyautar ita ce goyo da jijjiga. Amma ba mu yafe ba.

Duk da haka ban bi Inna har ƙarshe ba. Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne, tsakar gidan da ta sani tana ƙarewa. Ma'auratan yanzu ciki da falo suke kamawa a Sauka Kahuta ko can wajen Maikunkele, su biyu sai jinjiri, kowa ya ja ƙofarsa ya sa sakata. Kaka tana Kontagora ko Funtuwa, sai dai a waya. Yayyen da za su yi goyo suna fama da aikin gida na boko da haddar Islamiyya. Uwar kanta, in ka ce ta yi maka tatsuniya guda daga farko har ƙarshe, sai ta kama Gizo ta saki, ta ƙarasa da fim ɗin Indiya. Ba laifinta ba ne, a gaban talabijin ta tashi. Yaron da ke irin wannan ɗaki yana iya wuni bai ji doguwar magana ba, daga "bari" sai "sauka" sai "zan mare ka." A nan littafi yake da rana. Yana sa wa uwa magana a baki. Ko ba komai, ta ajiye waya na minti biyar, ta dubi ɗanta, ta yi masa zance mai kan gado. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito a 2014 ta ce a riƙa karanta wa yaro tun daga haihuwa, kuma dalilin da suka bayar na harshe ne da shaƙuwa. Ba su ce ƙwayar barci ba ce. Mu ne muka ƙara wannan a hanya.

Sai kuma maganar lokaci. Masu yayin sun ce ƙarfe bakwai yaro ya kwanta, a kashe fitila, a yi shiru. Ƙarfe bakwai a Minna? Lokacin aka idar da magariba, tuwo bai sauka ba, maigida yana can shataletalen Mobil yana jiran keke Napep, almajirai na ƙofa. In kuwa watan Maris ne ko Afrilu, kafin ruwa ya sauka, ɗakin kwano ya wuni yana shan rana, bango ma zafi yake fitarwa har tsakar dare. Babba bai iya kwana a ciki ba, balle mai ƙurajen zufa a wuya. Ga mu kuma a jihar da ake yi wa kirari da mai wuta, tashar wutar Kainji tun 1968, ta Shiroro tun 1990, ga ta Zungeru sabuwa, amma ba gidan da mafici ya yi ritaya. In an ɗauke, injuna su tashi kowanne da muryarsa. In an kawo, yaran layi su kwashe da ihu, wanda ka sha wuya ka kwantar ya buɗe ido tar. Shi ya sa ɗanmu ba shi da wani lokacin barci nasa na kansa. In gida ya kwanta, ya kwanta.

Wani dare Malama ta zo da wani bincike a wayarta, da nufin nuna cewa komai yanzu da iliminsa, ashe Inna ta zo ɗaure wa gindi. Wasu masana a Japan, ƙarƙashin Kumi Kuroda ta cibiyar RIKEN, sun gwada jarirai 21 da ba su wuce wata bakwai ba, suka fitar da sakamako a 2022. Sun gano cewa jaririn da ke kuka, in uwa ta ɗauke shi ta yi ta tafiya da shi minti biyar ba tsayawa, kukan yana yankewa, bugun zuciyarsa ya sauka, kusan rabinsu ma barci suke yi. Amma in an kwantar nan take wasu sai su farka, sai an zauna da yaro a jiki minti biyar zuwa takwas barcin ya yi nauyi tukuna.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta gutsuri goronta. "Yanzu wannan har kuɗi aka biya su?"

Malama ba ta karaya ba. Ta ɗauko ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019. Sun ce ɗan wata huɗu zuwa sha ɗaya yana buƙatar barcin awa 12 zuwa 16 a kwana guda, har da na rana, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu kuma awa 11 zuwa 14. Sun kuma ce kada a tsare yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, ko a keken turawa, ko a kujera, ko a goye a baya. A sauke shi ƙasa ya motsa jiki. 'Yar Paiko ta tafa, don maganarta ce ta fito. Inna ta ce, "To su zo su karɓi daka da wanki, in sauke musu shi." Ta jawo Gwamna da ke ƙoƙarin cire mata ɗankwali. "Zo nan mijin banza, ba cefane sai hana barci."

Akwai kuma dabarun sa barci da muke yi da ba a faɗa a kan tabarma sai an rage murya. Tsoratarwa ma dai da sauƙi, kowace ƙabila a gidan nan da nata: mu Dodo da kura, Banufiya ta kira Ndako Gboya, dogon dodon nan nasu, 'yan Kudu su ce ga ojuju nan, in duk sun ƙi ci a ƙwanƙwasa ƙofa a ce ga mai allura. Ɗan wata goma bai san ko ɗaya ba, muryar uwarsa da ta canza kawai yake ji, ya ƙara ƙanƙame ta. Ɗan shekara uku kuwa ya sani sarai, shi ya sa yake farkawa cikin dare da ihu a ce mayu ne, ranar rigakafi kuma a yi mamakin yadda yake shiɗewa da ya hango farin kaya.

Wanda ba abin raha ba ne shi ne ɗan cokalin maganin mura, irin mai kashe jiki, da wasu ke ɗura wa yaro lafiyarsa ƙalau don su samu su runtsa, ko don a je biki. Kowa ya san ana yi, kowa ya san kemis ɗin da ba ya tambaya. Irin wannan magani yana iya danne numfashin jinjiri, wani yaron ma maimakon barci birkicewa yake yi da kuka. Gajiyar mai goyo gaskiya ce, ba wadda ba ta ɗanɗana ba a cikinmu, amma maganinta a miƙa wa maƙwabciya yaron na awa guda, ba a buɗe kwalba ba.

Waya kuwa ba ma a ɓoye ta. A kunna masa Cocomelon a wayar babansa, yaro ya yi tsit, ido ƙur, uwa ta samu ta kalli Labarina a tata. Tsit ɗin ne ke ruɗinmu, mu ɗauka hanyar barci aka kama, alhali hasken da ke dukan idonsa korar barcin yake yi. Ranar da caji ya ƙare kuwa, sai unguwa ta ji. Takardar nan ta Hukumar Lafiya ta ce wanda bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, in zama za a yi a yi masa karatu ko a ba shi labari. Karatu na Malama, labari na Inna. A nan ne kaɗai na ga su biyun sun gyaɗa kai tare.

Maza su ma sun shigo yayin, a nasu salon. Baban Gwamna yakan karɓi littafin da ƙarfin gwiwa, "Kawo shi nan, ke ba ki iya ba," ya kwanta ya ɗora yaro a ciki, ya gyara murya ya fara. Can sai a ji shiru. Uwar ta leƙa tana murna, ta tarar littafi ya rufe fuskar uba yana minshari, ɗa yana zaune a gefe yana zare masa katin banki daga aljihu. Karatun barci dai ya yi aiki, sai dai ba a kan wanda aka nufa ba. Da can masu mota suna da wata dabara, a zaga da yaro ta Mobil a miƙe titin Bosso a dawo, kafin a iso gida ya yi laushi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ban ƙara jin wanda ya yi wa ɗansa wannan gatan ba.

Yanzu dai an samu wani sulhu a gidan, ba wanda ya rubuta shi, ba kuma wadda ta yarda an kayar da ita. Da la'asar a saki Gwamna tsakar gida ya bi kaji, ya gaji don kansa. Da magariba a shigar da shi, wannan kam ba mai gardama a kai. Wanka, hoda a wuya da hammata, nono ko ɗan kunu. Sannan littafi, amma an daina kokawar zaunar da shi. Uwar ta zauna a ƙasa ta buɗe, ta yi kukan akuya, ta yi na jirgin ƙasa. In ya tafi ya tafi, ita ta ci gaba. Yakan je ya taɓa ƙofa, ya dawo ya leƙa shafin, ya mari akuyar, ya sake tafiya. Yana ji. Ƙafar ce ba ta iya zama ba, kunnen yana wurin. In ya fara murza ido yana jan kunne, yana faɗuwa ba dalili yana ƙananan koke-koke, to an zo wurin, a rufe littafi a ɗauko majanyi. Wadda ta bari wannan gaɓar ta wuce ta, yaro ya zarce ya shiga rigimar barci, sai dai a yi mata jaje.

Sauke goyo kuwa ilimi ne mai zaman kansa, ba a koyar da shi a Gidan Kwano. Za ki ji nauyinsa ya canza a bayanki, kan ya faɗa gefe guda, hannun da ke damƙe da rigarki ya saki. Kada ki yi gaggawa. Zauna bakin katifa tukuna, ki ba shi mintocin nan na Japanawa. Sannan ki sunkuya, ki kwance majanyi da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da shi, ki zamo da shi ta gefen haƙarƙari a hankali, kamar mai sauke kiret ɗin ƙwai daga kan acaɓa. Ki kwantar da shi rigingine, ko da Inna ta ce ruf da ciki ya fi nauyin barci. Tun farkon shekarun 1990 likitoci ke gargaɗi a kan ruf da ciki ga wanda bai shekara ba, don a wannan kwanciyar aka fi samun jariran da ke wucewa cikin barci. Ki bar tafin hannunki a ƙirjinsa na ɗan lokaci. Ki tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki shafa masa. Maƙwabciyarmu mai zuwa coci ita ma tana can tana yi wa nata addu'a. Ki soke gidan sauro ta ko'ina, don sauron Minna ba ya jiran gayyata. Sannan ki ja da baya cikin sanɗa, kina roƙon Allah kada mijin ta ɗakin ƙarshe ya dawo yanzu ya buga get.

Abin da ya rage mana shi ne littafin kansa. Waɗanda ake samu, ko a shago ko cikin kayan gwanjo a Kasuwar Kure, kusan duk na Turanci ne, an yi su don 'ya'yan wasu: tuffa, ƙanƙara, dabbar da ko a gidan zu ba mu gani ba. Na Hausa da muke da su na manyan yara ne. Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, da ya fito a farkon shekarun 1970, ko tatsuniyoyin da Bukar Usman ya tattara, suna da amfani ga uwar da ta manta Gizo, ta karanta da rana ta juye da bakinta da dare. Amma takardarsu ba ta jure yawu. Littafin Hausa mai bangon kwali, hoto ɗaya a shafi, wanda za a tauna a goge a sake taunawa, shi ne ba ma gani a kasuwa, a garin marubuta guda.

Malama ce ta gaji da jira. Ta yanka kwalin taliya gida shida, ta ɗinke gefe da zaren buhu, ta liƙa hotunan da ta yanko daga tsohuwar kalanda da takardun kamfen: akuya, doya, buta, keke Napep, jirgin ƙasa. Ta lulluɓe kowane shafi da salatef. A shafin ƙarshe ta liƙa hoton Inna, kuma shi kaɗai ne Gwamna ba ya mari, sai dai ya kifa baki a kai yana dalala. Inna ta ce ita ba ruwanta da shirme. Washegari ta aiko jikarta da wani hoton, wai wancan ba ta shirya ba, a sa na ranar Sallah.

Da gangan Malama ta ƙi rubuta ko kalma ɗaya a ƙarƙashin hotunan, kowa ya karanta da harshen gidansu. Nan wata sabuwar shari'ar ta tashi. Baban Gwamna ya ce da Turanci za a yi, saboda ranar shiga nazare. Inna ta ce yaron da bai iya gaishe ta da Hausa ba kada a kawo mata shi. 'Yar Paiko ta ari littafin ta karanta wa nata da Gbagyi, Banufiya na jiran layi. Na ce mata in da Nufanci ne ai sai yaro ya ƙara wartsakewa, ya ɗauka biki ake yi. Ta ce gara Nufanci, ya tashi da sana'a a hannu, in Katsinanci ya sha sai dai ya tashi da baki. Matan gidan gaba su ma sun ji labari, kowa na son a ɗinka wa nata, har mai shagon bakin layi ya lura da yadda ake rububin kwalin taliya. Da, roƙonmu yake mu kwashe masa. Tun makon jiya ya sa masa kuɗi.